Sihiri a Matsayin Madubin Hali: Tarken Tauraruwar Littafin The Forgotten Beasts of Eld

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci ƙagaggun labaran sihiri na Ingilishi, sunan Tolkien ne ke fara zuwa bakin manazarta, sai kuma waɗanda suka bi sawunsa wajen tara rundunoni da zana taswirar ƙasashen da babu su. Wannan ya sa ake yi wa marubutan da suka ɗauki wata hanya daban kallon hadarin kaji. Daga cikinsu akwai Patricia McKillip, mutuniyar Amurka, wadda aka haifa a jihar Oregon a 1948, ta rasu a 2022. Littafinta The Forgotten Beasts of Eld ya fito a 1974, kuma shi ya ci kyautar World Fantasy ta ƙagaggen labari a 1975, shekarar da aka fara bayar da ita. Duk da haka sunanta bai zaga duniya ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa aikin sihiri a littafin shi ne tona halin mai shi, sannan ta duba inda marubuciyar ta kasa riƙe wannan jigo har ƙarshe.

2.0 Labarin a Taƙaice

Sybel budurwa ce 'yar shekara 16, tana zaune ita kaɗai a kan dutsen Eld. Ta gaji sihirin kira daga ubanta da kakanta: in ta san ainihin sunan halitta, ta kira shi a zuci, dole halittar ta zo ta miƙa wuya. Da haka take riƙe da dabbobin almara, irin su shaho Ter, da zaki Gules, da aladen daji Cyrin mai warware kacici-kacici. Abu ɗaya ya gagare ta, wato farar tsuntsuwa Liralen. Garin neman ta ne wani baƙin dodo, Blammor, mai kashe mutum da tsoron da ke cikin ransa, ya amsa kiranta.

Wata rana Coren na gidan Sirle ya kawo mata jariri, Tamlorn, ta goya. Bayan shekara 12 sai Sarki Drede, abokin gabar gidan Sirle kuma mahaifin yaron, ya zo ya tafi da shi. Tsoron ikonta ya sa sarkin ya yi hayar matsafi Mithran don ya cire mata 'yancin zuciya, ta zama ta sarki sai yadda ya yi da ita. Blammor ya kashe matsafin, ta tsira, ta auri Coren, ta shiga ƙulla yaƙin ramuwa a ɓoye.

3.0 Kira da Suna

Bahaushe ba zai sha wahalar gane nauyin da littafin ya ɗora wa suna ba, tunda a al'adarsa uwa kan ɓoye sunan ɗan fari, mace kan sakaya na mijinta. Sai dai a can kunya da girmamawa ke hana faɗar suna. A wurin Sybel faɗarsa mallaka ce. A farkon labari mai karatu ba ya ganin aibin wannan, don waɗanda ake kira dabbobi ne, kuma ana kula da su. Marubuciyar ta bar shi ya saki jiki, ya ƙaunaci yarinyar da lambunta, kafin ta juya masa tabarmar.

Juyin yana zuwa ne a hasumiyar Mithran. Da irin kiran da Sybel ke yi wa shaho aka kira ta, ta taho ba da son ranta ba. A nan ta ɗanɗana abin da ta daɗe tana shayar da wasu. Da marubuciyar mai gaggawa ce, da a nan za ta sa tauraruwar ta farga ta tuba. Ba ta yi haka ba, kuma wannan shi ne mafi ƙarfin abin da ke cikin littafin. Sybel ta fito da tabon wulaƙanci, sai ta ɗauki makamin da aka sare ta da shi ta shiga saran wasu. Ta juya zukatan wasu hakiman Drede, ta mai da gidan mijinta sandar dukan maƙiyinta. Mafi muni, ta shiga zuciyar Coren, mutumin da ya so ta tsakani da Allah, ta goge wani abu daga tunaninsa don kada ya ɓata mata shiri. Bambancinta da Mithran a wannan gaɓa na yawa ne kawai, ba na iri ba.

Yana da amfani a kwatanta wannan zubi da na Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934. Shi ma labarin nema ne, amma abin da Alhaji Imam ke nema yana can nesa, tafiya da dabara ke kai shi gare shi. Sybel kuwa abin nemanta yana hannunta tun tuni. A jajibirin yaƙi Blammor ya tsaya a kanta, ta hangi Liralen a zuciyarta da karyayyen wuya, ta gane ita ta karya shi. Ta saki dabbobin duka, ta koma dutse hannu wofi. Sai a shafukan ƙarshe ta gano dodon tsoro da farar tsuntsuwar halitta ɗaya ce mai fuska biyu, halin mai kallo ke zaɓar wadda zai gani.

4.0 Inda Aka Samu Rauni

Salon McKillip na waƙa ne cikin zube, jimloli gajeru masu daɗin kunne. Illarsa ita ce kusan kowa a littafin, daga sarki har yaro, da murya ɗaya yake magana. Tsohuwa Maelga ce kaɗai harshenta ke da ƙamshin ƙasa. Haka kuma shekaru 12 na goyon Tamlorn, waɗanda su ne suka koya wa Sybel ƙauna, an tsallake su cikin 'yan layuka, alhali a kansu sauran labarin ya jingina.

Babban raunin yana wajen warware rikici. Sybel ta hura wutar yaƙi ta gudu, amma ba a bar wutar ta ci kowa ba. Dabbobin da ta 'yanta suka janye rundunoni daga fagen fama, Blammor ya ɗauke Drede, Tamlorn ya hau gado, Coren ya biyo ta da yafiya. Za a iya kare marubuciyar da cewa dabbobin sun yi wannan aiki ne bayan an sake su, don haka soyayya ta yi abin da tilas ba ta yi ba. Hujja ce mai kyau, amma ba ta biya bashin ba. Littafin da ya nuna cewa shiga zuciyar mutum ba da izninsa ba ya fi kisa muni, bai kamata ya sallami mai wannan laifi da fargaba ta dare ɗaya ba. Hakiman da aka juya wa hankali ba a sake waiwayar halin da suka shiga ba, kuma Coren, wanda aka yi wa sata a cikin kansa, an ba shi shafuka kaɗan ne kawai ya yi fushi kafin a sa shi ya hau dutse biko.