Kafin ka ɗaura sabon besin, tuna da alwala

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Gashuwa a 2013 na lura ɗakunan haya masu banɗaki a ciki sun yawaita, yayin kuma ya ratso Nguru har ya iso mana Machina. Sabon abin shi ne, in besin wanke hannu ya tsage ko ya fara yoyo, samari ba sa jiran mai gyaran famfo ya taso daga Nguru. Sai su buɗe YouTube, su ari sifana, su duƙufa.

Ina bayansu ɗari bisa ɗari. Kuɗin motar mai gyara da ladan aikinsa nauyi ne, kuma hannun da ya iya kwance injin babur ba zai kasa naɗa farin tef a bakin famfo ba.

Sai dai mai bidiyon yana Amurka ko Ingila, bai san gidanmu ba. Ruwansa da ƙarfi yake zuwa, namu daga tanki yake gangarowa, ruwan burtsatse mai ɗauke da rairayi, wanda ke cinye robar famfo a hankali. Bangonsa sau da yawa katako ne, namu bulo ne da aka yi wa rowar siminti, ka huda shi ya zube kamar gari. Sannan akwai lanƙwasasshen bututun nan na ƙasan besin, wanda wasu ke cirewa wai yana toshewa. Kada ka cire, ɗan'uwa. Ɗan ruwan da ke kwance a cikinsa shi ke tare warin rami da kyankyaso. Da zafin bazara, in ɗaki ya daɗe a rufe, ruwan kan ƙafe, sai ka zuba buta guda wari ya ɗauke.

Abin da ya fi damuna shi ne alwala. An ƙera besin don mai wanke hannu da fuska a tsaye, mu kuwa sau biyar a yini muna wanke ƙafa. Na ga besin da ya ɓalle daga bango don wani ya ɗora ƙafa a kai, tangaran ya fashe ya yanke masa agara, sai da aka yi ɗinki. Kusoshi biyu cikin ruɓaɓɓen bulo ba za su ɗauki nauyin babban mutum ba, balle dattijo mai ciwon gwiwa da ke tsaye da ƙafa ɗaya kan jiƙaƙƙen tayil.

Da namu ya tsage, na rufe ruwa daga tanki, na cike ramukan da siminti mai ƙarfi, na ba shi kwanaki ya kama kafin na ɗaura sabo. Daga gefe kuma na ja bututu na sa famfo ƙasa-ƙasa, daidai gwiwa, na gina ɗan dakali. A nan Baba yake zama ya yi alwalarsa yanzu, ruwan kuma yana bin kwata zuwa gindin darbejiyar tsakar gida.