Kiwo Ba Ruwa: Nazari a Kan Wasan RimWorld

RimWorld, wasan kwamfuta da Tynan Sylvester ya fitar a 2018, labarin waɗansu mutane ne da suka faɗa wata baƙuwar duniya, suna fafutukar rayuwa. Wajen kiwo lalle ya yi abin yabo. Dabba tana kiwo a fili. In sanyi ya kashe ciyawa, wanda bai tanadi ingirici ba sai ya yanka ko ya yi hasara. Duk Basakkwacen da ya taɓa ajiye harawa saboda rani ya san wannan lissafi.

Amma fa dabbobin nan ba su jin ƙishirwa ko kaɗan. A ƙasar Sakkwato kuwa, in bazara ta yi tsanani, ruwa ne ke kora garke zuwa fadamar Rima, shi ne kuma sau da yawa mafarin saɓani da masu lambu. Abin da ya fi wannan muni, dauɗar dabba a wasan ƙazanta ce kurum da a ke sharewa, alhali manoman kewayen birnin sun daɗe suna kai taki gona bisa jakuna. Watau an raba gona da garke. Malamin da zai nuna wa ɗalibansa wasan, sai ya fara tambayarsu ina rijiya.