Seri D, sai ke!

Duk wanda ya taɓa zama da ni wurin mai shayi a unguwar New Bell ta Duwala ya san in aka taɓo zancen lise, bakina ba ya rufuwa. Seri D nake yaba wa, kuma ban gaji ba.

A tsarin Faransanci na Kamaru, in yaro ya gama ajin sekond C sai hanya ta rabu: ga C, inda lissafi da fiziks ke sarauta, ga D, inda ilimin halittu ke jan gaba. Mutanen unguwa sun ɗauka C ce ta masu kai. Shi ma Baba haka ya ɗauka ranar da ƙanwata ta zaɓi D. Ya ce, "Ke da lissafi bai taɓa ba ki wuya ba?" Ta durƙusa ta ce, "Baba, likita nake son zama, jikin ɗan Adam nake son sani."

Kai, yarinyar nan ta iya zaɓe! Unguwarmu Nylon fadama ce aka cike aka yi gini, rijiya kusa da masai, damina ta zo ruwa ya haɗa su. Kwalarar da ta afka wa Duwala a 2004 ba mu manta da ita ba. Mu dai annoba muka sani, sai addu'a. Wani dare ta buɗe littafinta ta ce, "Yaya, zo ka gani." Ta zana min hanji, ta nuna yadda gubar ƙwayar cutar ke sa shi zubar da ruwa da gishiri, da yadda sukari ke jan gishiri ya koma jiki, ruwa ya bi bayansa. Ashe sirrin ruwan gishiri da sukari ke nan! Tsigar jikina ta tashi. Wane darasi ne zai fassara maka unguwarku haka?

Ba hanyar malalata ba ce fa. Akwai jarrabawar Probatuwar, akwai ta Bak, sannan ga konkur ta shiga karatun likita, wadda tun 2013 ta zama jarrabawa guda ta ƙasa baki ɗaya. Ilimin halittu da kemistiri da fiziks duk suna ciki, don haka ɗan D da ya yi wa fiziks riƙon sakainar kashi zai yi kuka da idonsa. Ɗan C ma yana ci, amma sai ya yi gudu ya kamo abin da ɗan D ya shekara biyu yana taunawa.

A da idon kowa Yawunde yake, inda aka buɗe makarantar likitanci ta CUSS a 1969. Tun 2006 Jami'ar Duwala ta samu tsangayarta ta likitanci da haɗa magunguna. Karatun likita shekara 7 ne, ga asibitin Laquintinie a Akwa, ɗan mashin ya isa ya kai ka.

Yanzu ƙanwata tana ajin terminal. Iya kullum tambayarta ɗaya ce: yaushe za ta je asibiti ta faɗi ciwonta da Hausa, ba tare da an kira jika ya yi tafinta ba?