Kan sarki da kwabo mai huji: abin da gilashi ba ya faɗa

A ƙasar Monako, wadda faɗinta bai wuce murabba'in kilomita biyu da ɗoriya ba, akwai gida guda da aka keɓe domin sulalla da kan sarki kaɗai. Ƙasar ta fara buga nata kan sarki tun 1885, ɗauke da kan Yarima Charles na Uku, kuma hikimar gidan a fili take: ƙaramar ƙasa da ke maƙale a gefen Faransa tana nuna wa baƙo shaidar cewa ita ma ƙasa ce. Mu ma muna da irinsa, wanda Babban Bankin Najeriya ya buɗe a Abuja a 2009. Salon duk ɗaya ne. A jera kuɗi cikin gilashi, a rubuta shekara da sunan mai mulki, baƙo ya bi layi ya fita.

Malam Madori ba ta da irin wannan gida, amma daga nan ne na fi hango gurguntakar wannan salo. Garin nan kuɗi ne suka raine shi. Da layin dogo daga Kano zuwa Nguru ya kammala a 1930, tashar Malam Madori ta zama ƙofar da gyaɗar ƙasar Haɗejiya ke fita, ta nan kuma sulallan Turawa ke shigowa. Manomi ya kai buhu kan sikeli, ɗan baranda ya ci nasa, abin da ya rage a ƙulle a lalita, rabinsa kuwa haraji na jiransa. Ba son ƙarfen Bature ne ya raba mutane da wuri, kuɗinsu na dā, ba. Hukuma ce ta ce da ƙarfen za a biya haraji da jangali.

A ɗauki anini. An fara buga shi a 1907, shekara guda bayan Turawa sun ci Haɗejiya da yaƙi, inda Sarki Muhammadu ya kwanta dama. Goma ne ke yin kwabo. An yi shi ƙanƙane haka don ya maye gurbin wuri a ƙananan ciniki, na daddawa da gishiri da goro. Shi da kwabo duk da huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci. Babu kan sarkin Ingila a jikinsu, hujin ya cinye wurin, sai kambi da suna. Gilashin Abuja zai nuna maka wannan duka. Abin da ba zai nuna ba shi ne tsohuwa mai ƙosai tana zura su a zare, ko mudun gero nawa sule ke saye ranar kasuwa bayan kaka. Kuɗin da ba a san abin da yake saye ba kuwa, guntun ƙarfe ne kawai.

Inda muka yi dace shi ne harshe. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Barth, Baturen matafiyi da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya kan wuri 2,500, kuma har yau abin da aka saya da tsada akan ce wuri na gugar wuri. Yaron da aka haifa bayan 2000 zai rantse maka ba shi da ko sisi, alhali bai taɓa ganin sisi ba, bai kuma san kwabo shida ne ba, taro uku, ahu ɗaya da rabi. Naira ta zo ranar 1 ga Janairun 1973, amma a kara dattawa sun daɗe suna ciniki da fam, suna nufin naira biyu, jaka kuwa, wato fam ɗari, ta zauna a kan naira 200. Ga sunaye a baki, ga kayan sun ɓace. Dalar azurfar nan mai kan Maria Theresa, wadda ko yaushe aka buga ta 1780 ake rubutawa, da yawa maƙeran farfaru sun narkar sun yi zobe da awarwaro. Wuri ya koma hannun masu duba da 'yan bori da masu ado. Kwabo mai huji sai a gindin kwallar kaka, in jikoki ba su yi wasa da shi ba.

Kan sarki ma labarinsa ke nan, har ya fi ban dariya. Na farko da aka buga da sunan Arewacin Najeriya, a 1900, kan sarauniya ne, Victoria. Bayanta aka yi Edward da George, sunan ya kama, bai kuma sake ba ko da aka koma buga tsuntsaye da namun daji bayan 1960. Mutumin karkara ya fi saninsa a takardar cinikin gida ko gona, inda ake manna shi a sa hannu a kai, fiye da a bayan ambulan. Masu tara shi a Turai sukan fi ɗaukaka wanda ba a taɓa lasa ba. A ganina wanda ya sha hatimin gidan waya, da sunan gari da kwanan wata, shi ne ke da magana a baki, don ya shaida cewa ran nan wani ya zauna gaban mai rubuta wasiƙa ya aika wa ɗansa saƙo Kurmi.

Kada a ɗauka abin da ke jikin kuɗi ado ne kurum. Da aka cire ajami daga naira 5 zuwa 50 a 2007, aka sake cire shi daga naira 100 ta 2014, an ji ƙorafi daga Arewa, domin akwai dubban da wannan layi ɗaya ne suke iya karantawa a duk takardar. Tun anini ake magana da su ta wannan rubutu.

Da ni za a ba ɗaki ɗaya a tsohuwar tashar jirgin Malam Madori, ba da gilashi zan fara ba. Zan shimfiɗa tabarma, in aje sikelin gyaɗa da mudu da tsohuwar takardar haraji, in juye kwano guda na anini da taro da sisi, in kira dattawan da suka ɗauki buhu a nan tun suna samari su tsince su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya saya da nasa.