Dodo da Fatalwa: Matsayin Tsoro a Tatsuniyoyin Yara na Ƙasar Bagudo

1.0 Gabatarwa

A Ingila da Amurka, masu ɗab'i sun saba fitar da littattafan fatalwa domin yara duk ƙarshen watan Oktoba, daidai bikin Halowin na ranar 31 ga wata. Tun kafin haka Turawan Ingila kan karanta irin waɗannan labarai da Kirsimeti, kamar littafin Charles Dickens na 1843 mai suna A Christmas Carol. Yanzu da wayar hannu ta kai hotunan fatalwar Turawa har cikin ƙauyuka, ya kamata masu nazarin adabin baka su tambayi kansu: shin Bahaushe yana da lokacin tsorata yara, kuma me littattafan tatsuniya suka yi da shi? Wannan maƙala ta ɗauki ƙasar Bagudo ta Jihar Kabi a matsayin ma'auni.

2.0 Lokaci da Muhalli

Ƙaramar hukumar Bagudo tana bakin Kogin Kwara, ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin ta wajen Illo da Lolo. Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa suna zaune tare, suna noman gero da shinkafa, suna su, suna cin kasuwa har Malanbil. A nan, kamar sauran ƙasar Hausa, tatsuniya ba ta da ranar biki, amma tana da lokaci. Da damina jiki a gajiye yake, barci kan riga hira. Sai kaka ta yi, an kai amfani rumbu, hunturu ya shigo, sannan yara kan kewaye tsohuwa a ɗaki. Al'ada kuma ta hana yin tatsuniya da rana, har akan ce wa yaro zai ɓace idan ya yi. Ashe duhu da sanyi da muryar kaka ɓangare ne na zubin tatsuniyar kanta.

3.0 Bambancin Dodo da Fatalwa

Abin tsoro a tatsuniyar Hausa galibi Dodo ne, ko mayya, ko aljani, da wuya ya zama mamaci. Misali sananne shi ne yarinyar da ta ƙi duk maneminta, ta ce sai namijin da ba shi da tabo. Dodo ya rikiɗa ya zama kyakkyawan saurayi, ya aure ta, sai da suka yi nisa cikin daji ya koma siffarsa. Yaron da ke zaune a kan iyaka, inda baƙi ke ratsawa kullum, kogi kuma ke cin mutane, yana da dalilin fahimtar wannan gargaɗi fiye da kowa.

Fatalwa kuwa gidanta labari ne, wato abin da ake bayarwa da sunan ya faru: wane ya gan ta kusa da maƙabarta, wance ta yi karo da ita a hanyar rafi. Bambancin yana ga buɗewa da rufewa. Mai tatsuniya kan fara da "Ga ta nan, ga ta nanku", ta rufe da "Ƙurunƙus kan kusu", ta kuma amsa da bakinta cewa ƙarya ta shirya. Wannan furuci shi ke mayar da Dodo cikin kejinsa kafin yaro ya kwanta. Labarin fatalwa ba shi da marufi, saboda haka tsoronsa kan bi yaro har shimfiɗa.

4.0 Abin da Rubutu ya Zubar

Littafi uku na Frank Edgar, Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, da aka buga a Belfast tsakanin 1911 da 1913, sun samo asali daga rubuce-rubucen ajami na malamai, da yawansu daga lardin Sakkwato. Darajarsu ba ta ɓuya, domin sun adana Hausar yamma. Aibinsu shi ne maza ne suka rubuta abin da mata ke faɗa, kuma domin Turawa masu koyon Hausa. Dodo ya fito a cikinsu ba gurnani, waƙarsa ba kari, ba kuma yaran da za su amsa.

Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, littattafai shida da suka fito a farkon shekarun 1970, sun gyara wani ɓangare na wannan, domin yara aka nufa da su. Sai dai an rubuta su da Daidaitacciyar Hausa, ana kuma karanta su da tsakar rana a cikin aji. Yaron Bagudo da ke cewa "ɗiya" da "kusu" da "biyat" sai ya tarar da Dodo yana magana da harshen littafi, alhali abin tsoro ya fi shiga jiki idan ya zo da harshen gida.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, aro labaran fatalwa na Turawa domin yaran Hausawa kuskure ne biyu: an ɗauko tsoro marar marufi, an kuma jingina shi ga bikin da ba shi da tushe a ƙasar. Aikin da ya rataya a wuyan sassan Hausa, musamman na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, shi ne naɗar muryoyin tsofaffin mata na Illo da Kaoje da Zagga, da dare, da hunturu, cikin karin harshensu, tare da kwatanta su da na Dandawa da Kyangawa na ƙetaren iyaka. Malamin firamare kuma da ya karanta wa ɗalibai tatsuniyar Dodo, wajibi ne ya rera waƙarta, ya bar su su amsa, kada kuma ya tashe su bai ce ƙurunƙus ba.