Muryar da ke karanta wa makafi allo

A shekarar 2006 wani matashi makaho a Ostareliya, Michael Curran, ya fara rubuta manhajar NVDA. Ba da jimawa ba abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya sa hannu. Aikinta shi ne ta karanta wa mutum da murya abin da ke rubuce a allon kwamfuta.

Kyauta suka bayar da ita, a lokacin da irinta ta kasuwa ke kaiwa dala 1,000.

Amfaninta ya ƙara fitowa fili a 2020, da korona ta rufe makarantu, karatu ya koma intanet. Ɗaliba makauniya za ta maƙala abin saurare a kunne, ta danna maɓallin Tab, muryar ta kai ta tambaya ta gaba. Ta buga amsa, ta tura wa malami da kanta, ba sai ta jira ƙanwarta ta karanta mata ba. Har a filasha ake ɗaukar manhajar, a soka a kwamfutar makaranta mai Windows, ta kama aiki.

Masu aikin sa kai kuwa, Allah ya saka musu, sun fassara ta zuwa harsuna fiye da 50.