Makaɗan Olodum na Birnin Salvador

Baƙon da ya sauka Salvador, a jihar Bahia ta Brazil, amon ganguna ne zai ja shi zuwa unguwar Pelourinho. Nan ne gidan Olodum, ƙungiyar da baƙaƙen fata suka kafa a 1979, lokacin da unguwar ta lalace, masu hali suna gudunta.

Kiɗansu, samba-rege, akwai gwaninta. Manyan ganguna na riƙe gindi, ƙanana na ratsawa, makaɗi ya ɗaga gangarsa sama yana rausaya, bugu bai kuɓuce masa ba. Paul Simon ya yi waƙa da su a 1990, Michael Jackson ya zo ɗaukar bidiyo a 1996.

'Yan Olodum sun kuma buɗe makaranta, inda 'ya'yan talakawa ke koyon kiɗa kyauta.